Shin Ko Kun San? Yadda Rana Ke Hana Bututun Mai Yin Tsatsa a Cikin Ƙasa

Shin ko kun san cewa bututun ɗanyen mai mafi tsawo a Afirka yana wucewa ne daf da iyakar Jihar Kebbi? Ya taso daga rijiyoyin Agadem a Jihar Diffa ta Nijar, ya ratsa jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, ya sauko Gaya, ya tsallaka Kogin Kwara ya shiga ƙasar Benin, bai tsaya ba sai tashar Seme da ke bakin teku kusa da Kwatano. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, kuma an tsara shi ne ya ɗauki ganga 90,000 a kowace rana. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi. An ƙaddamar da shi ranar 1 ga Nuwamba, 2023, jirgin ruwa na farko kuma ya yi lodi a watan Mayun 2024. Mutumin Kamba da ke shiga Gaya cin kasuwa zai iya taka ƙasar da ke kansa bai sani ba, domin a binne yake.

Ko kun san a ɓangaren Najeriya kuwa, bututun man da ya fi matsowa kusa da mu a Gusau ya tsaya? Daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, aka jawo shi ta Zariya zuwa daffon Gusau, daffon da aka gina domin ya riƙa shayar da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Reshe ne ɗaya cikin bututan NNPC masu tsawon sama da kilomita 5,000 a faɗin ƙasar. Man da ake sha a Birnin Kebbi da Argungu, a bayan tanka yake isowa. Ga kuma na iskar gas mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020.

Duk waɗannan bututai abokin gabarsu ɗaya ne, kuma ba ya hutu dare da rana. Tsatsa ce.

Shin ko kun san tsatsa aikin lantarki ce? Wannan shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya, don haka bari mu ɗan dakata a kai. Ƙarfe ba a ƙarfensa aka same shi ba. Tama ce, jan dutse, aka haƙo aka zuba mata wuta har ta saki iskar da ke haɗe da ita, kamar yadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe suna yi tun kafin zuwan Bature. Tun daga ranar da ya fito daga wuta, ƙarfen nan neman hanyar komawa tama yake yi. Da zarar ya samu danshi da iska, sai wani sashe na jikinsa ya fara sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron, su bi ta cikin ƙarfen zuwa wani sashen, ƙasa mai laima kuma ta kammala zagayen. Sashen da ya saki ƙwayoyin shi ne ke narkewa. Ku tuna da batirin tocila irin na da, wanda idan ya daɗe a ciki sai a tarar gwangwaninsa ya huje yana tsiyaya: wutar da ya riƙa bayarwa, da naman jikinsa ya biya ta. Bututun da ke kwance cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin wannan batirin ne, sai dai shi tsawonsa ɗaruruwan kilomita ne, kuma babu mai amfana da wutar da yake asara.

Ko kun san an ma auna yawan wannan asara? Idan wuta mai ƙarfin amfiya 1 ta yi shekara guda tana fita daga jikin ƙarfe zuwa cikin ƙasa, za ta tafi da kimanin kilo 9 na ƙarfen. Da a ce asarar za ta rarrabu daidai a duk tsawon bututun, da abin ya zo da sauƙi. Amma ba ta rarrabuwa. Taruwa take yi a ɗan wurin da rufin bututun ya kwaile, wuri kamar faɗin kwabo, ta yi ta haƙa har ta ɓula.

Shin ko kun san ƙasar fadama ta fi ta tudu cin ƙarfe nesa ba kusa ba? Busasshen rairayin tudu ba ya barin wuta ta ratsa shi da sauƙi, saboda haka tsatsa a cikinsa a hankali take tafiya. Laka mai riƙe ruwa, irin ta kwarin Rima da ake noman shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bunza da Suru, hanya ce buɗaɗɗiya ga wuta. Idan aka ƙara gishiri ko kanwa a cikin ƙasar, abin ya ƙara muni. Kuma yankin Gaya shi ne na Dallol Mawri da Dallol Foga, inda aka gaji dafa gishiri daga ƙasa tun kaka da kakanni. Wuri mafi haɗari kuwa shi ne mahaɗar biyun, inda bututu ya sauko daga tudu ya shiga laka. Sashen da ke cikin rairayi yana samun iska, na cikin laka ba ya samu, wannan bambancin kaɗai ya isa ya kunna batirin, kuma sashen cikin lakar ne ke biyan kuɗin.

Injiniyoyi ba sa yin wannan hukunci da ka. Sanduna huɗu suke kafawa a jere, su tura wuta ta na gefe biyu, su auna ta na tsakiya biyu, su gane yadda ƙasar ke tare wuta ko sakinta. Wani Ba'amurke mai suna Frank Wenner ne ya fito da dabarar a 1915, har yau kuma da ita ake aiki.

Ko kun san akwai ƙwayoyin halitta masu taya tsatsa aiki? Suna rayuwa ne a cikin laka marar iska, su ne ke sa baƙin taɓon fadama warin ruɓaɓɓen ƙwai idan aka tona shi. Masana biyu a ƙasar Holan ne suka bayyana rawar da suke takawa wajen cin bututai a 1934.

To, ina magani? Shin ko kun san maganin ya girmi rijiyar mai ta farko a Amurka da shekara 35? A 1824 ne masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya karɓi koken rundunar sojan ruwan ƙasarsu cewa ruwan teku na cinye jan ƙarfen da ake lulluɓe cikin jiragensu da shi. Sai ya manna wa jan ƙarfen 'yan guntayen tutiya da baƙin ƙarfe. Guntayen suka riƙa narkewa, jan ƙarfen ya tsira. An gwada a jikin wani jirgi mai suna Samarang, aka ga aiki. Amma sai wata matsalar ta ɓullo: ashe gubar da jan ƙarfen ke saki yayin da yake narkewa ita ce ke korar ciyayin ruwa da ƙananan halittu masu manne wa jirgi. Da ya daina narkewa, sai suka yi wa jiragen dafifi har gudunsu ya ragu, rundunar kuma ta ajiye dabarar. Mataimakinsa Michael Faraday ne ya zo a 1834 ya fitar da lissafin da ke tsakanin yawan wuta da yawan ƙarfen da ke narkewa, lissafin da ya ba mu kilo 9 ɗin da muka ambata.

Wannan dabarar ta ƙarfen fansa tana kan rufin ɗakunanmu. Kwanon rufi da bokitin ƙarfe, tutiya aka shafa musu, kuma ko an karce su tutiyar da ke gefen karcen ce ke fara ƙarewa kafin tsatsa ta taɓa ƙarfen ciki. A wajen bututu, dunƙulen magnesiyam ko tutiya ake binnewa a gefensa a haɗa su da waya. Ba ya buƙatar wuta daga ko'ina. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, bai kai bolt 2 ba, saboda haka ya fi dacewa da gajeren bututu ko tanki.

Shin ko kun san dogon bututu kuwa tura masa wuta ake yi da gangan? A 1928, wani injiniya mai suna Robert Kuhn ya fara yin haka ga bututan iskar gas na birnin New Orleans, birnin da ke zaune cikin fadamar Kogin Mississippi. Tsarin bai sauya ba har yau. Ana haƙa rami nesa kaɗan da bututun, a jera sandunan da ba sa saurin narkewa, a cike gefensu da garin gawayin kwal. Jar waya, mai alamar ƙari, ta tafi ga sandunan. Baƙar waya, mai alamar ragi, ta tafi ga bututun. Wuta ta fita daga sandunan, ta ratsa ƙasa, ta shiga jikin bututun ta duk inda rufinsa ya samu rauni. Ƙarfen da wuta ke shiga jikinsa ba ya narkewa. Wanda take fita daga jikinsa ne ke narkewa. Iyakar sirrin ke nan.

Kuhn ne kuma ya bar wa duniya lambar da duk mai wannan sana'a ya haddace: 0.85. Idan aka ɗora ma'auni tsakanin bututun da wata 'yar kwalba mai sandar jan ƙarfe cikin shuɗin ruwan gishirinsa, aka dafa gindin kwalbar a ƙasa, aka ga bolt 0.85 ta ɓangaren ragi ko fiye da haka, to bututun yana cikin kariya. A lakar da ƙwayoyin nan masu wari suke, ana ɗaga lambar zuwa 0.95. Waɗannan 'yan sandunan da ake gani a tsaye jefi-jefi a kan hanyar bututu, masu ɗan akwati a ka, wuraren ɗaukar wannan awon ne.

Ko kun san idan wutar ta yi yawa ita ma ɓarna take yi? Da ta haura wajen bolt 1.2, sai ta fara ɓamɓare rufin daga jikin bututun, ta kuma haifar da iskar haidirojin da ke shiga cikin ƙarfe mai tauri ta sa shi tsagewa. Idan kuma mai haɗi ya yi kuskure ya juya wayoyin, ya kai ja ga bututu, baƙa ga sanduna, to ya mayar da bututun ƙarfen fansa, abin da tsatsa za ta yi a shekara 20 sai ya faru cikin watanni.

Yanzu ga inda rana ta shigo. Shin ko kun san wutar da wannan aiki ke bukata ba irin wadda ke zuwa gidajenmu ta turakun lantarki ba ce? Ta gida kai-da-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa guda. Bututu kuwa mai tafiya gefe ɗaya yake so, irin ta batir. Shi ya sa tashoshin da ke kan layin lantarki sai an sa musu wata na'ura mai miƙar da wutar tukuna. Farantin sola shi tun asali miƙaƙƙiyar wuta yake bayarwa. Daga faranti sai kwanturola, sai batir, sai wata kwanturolar mai daidaita abin da ke tafiya ga bututu. Babu inji, babu mai, babu abin da ke juyawa balle ya gaji.

Ko kun san ƙanƙantar wutar da ake magana a kai? Bututun zamani yana zuwa ne da rufin roba mai hawa uku, kuma wanda rufinsa ke da lafiya bai buƙatar ko kashi 1 cikin 100 na wutar da tsiraran ƙarfe zai ci. Bari mu buga misali da lissafi. A ce tasha ɗaya tana tura amfiya 5 a kan bolt 12. Wat 60 ke nan, abin da tsohon ƙwan fitila guda ɗaya ke ci. A awa 24 ya zama wat 1,440 na awa. Idan aka ƙaddara rana mai ƙarfi ta awa 5 kacal, aka yi ragin ƙura da zafi da asarar waya, farantan da jimillarsu ta kai wat 450 sun wadatar. Domin kwana uku na hadari ko hazo, batir huɗu irin manyan nan masu lamba 200 sun riƙe. Kayan da ba su fi na mai shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi a kasuwar Birnin Kebbi ba, amma tasha irin wannan tana iya tsare kilomita gommai na bututu mai kyakkyawan rufi.

Abin da aikin ba ya jurewa shi ne yankewa. Idan wuta ta ɗauke na ɗan lokaci, kariyar takan ɗan jima kafin ta zube, amma idan aka shiga kwanaki da makonni, tsatsa ta koma bakin aikinta, kuma ramin da ta haƙa a wannan tsakanin ba ya cikewa don wuta ta dawo. Mu kuwa mun san halin layinmu. A watan Satumban 2023 gobara ta tashi a babbar tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, inda layin Kainji ke sauka, ta jefa Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara cikin duhu. Duk ƙarfen da kariyarsa ta dogara da wannan layin, a irin wannan lokaci tsirara yake kwana. Ni a ganina, a wannan yanki namu, dogaro da turakun lantarki wajen tsare abin da aka binne ganganci ne, ko da kuwa turken yana tsaye a gefen ramin.

Shin ko kun san kamfanonin mai ne suka fara raya kasuwar sola a doron ƙasa? An ƙera farantin siliki na farko mai amfani a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1954, yana mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, amma tsadarsa ta sa kusan shekara 20 taurarin ɗan'adam ne kawai manyan masu amfani da shi. Sai a farkon shekarun 1970 wani masani, Elliot Berman, da kuɗin kamfanin Exxon, ya karyar da farashin daga dala 100 zuwa dala 20 a kan kowane wat. Masu saye na farko-farko sun haɗa da masu fitilun gargaɗi na dandamalin haƙar mai a teku, da masu neman tsare bututai da rijiyoyi daga tsatsa a dajin da waya ba ta kai ba. Yau wat ɗaya bai kai rabin dala ba. Wato famfon solar da manomin shinkafa ya koma wa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, bututun mai yana cikin waɗanda suka share masa hanya.

Ko kun san rabonmu na rana yana cikin mafi tsoka a Najeriya? A arewa maso yamma, kowane murabba'in mita na samun abin da ya kusa kilowat 6 na awa a rana, a matsakaicin lissafin shekara. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato saboda wannan arziki.

Amma faranti haske yake so, ba zafi ba. Duk digiri ɗaya da jikinsa ya haura 25, yakan yi asarar kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a watan Afrilu, lokacin da iskar Birnin Kebbi ke wuce digiri 40, jikin faranti kan haura 60. Batir ya fi shi wahala: irin na dalma, kowane ƙarin digiri 10 na rage kwanansa da kusan rabi, shi ya sa masu lura suke yi masa rumfa mai iska ko su saukar da shi cikin rami. Sai ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan gilashi ta tare haske. Maganinta tsumma ne da ruwa da mutumin da zai je. Ana kuma karkatar da farantin ya fuskanci kudu da kimanin digiri 12 zuwa 15, gwargwadon nisanmu daga tsakiyar duniya, karkatar da ke taimaka wa ruwan sama ya wanke shi da damina.

Babbar barazanar kuwa mai ƙafa biyu ce. Faranti da batir da wayar jan ƙarfe duk kaya ne masu kasuwa, an kuma ajiye su a dajin da ba kowa. Wanda ya kwance batir huɗu ya sayar, shi a ganinsa batir ya ɗauka. Bai san ya buɗe wa tsatsa kilomita 30 na bututun da ke bi ta ƙarƙashin gonar kawunsa ba. Ana yi wa tashoshin keji da shinge, ana sa musu layin waya mai aika saƙo idan awo ya faɗi, duk suna taimakawa. Amma ban ga abin da ya kai a zauna da mai gari da matasan ƙauyen da ke kusa ba, a ba ɗaya daga cikinsu aikin shara da gadi da albashi, a kuma ƙara faranti biyu domin rijiyar garin ko ɗakin shan magani. Tashar da gari ke shan ruwa ta dalilinta, gari ne zai tsare ta.

Shin ko kun san manyan wayoyin lantarki su ma suna cutar da bututu? Idan bututu ya yi tafiya mai nisa a gefen babban layi irin mai bolt 330,000 da ya taso daga Kainji, ko mai 132,000 da ya fita daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, layin kan jefa masa wata wutar ta iska ba tare da sun taɓa juna ba. Tana iya huda ƙarfe, tana kuma iya jan ma'aikacin da ya taɓa kan famfon bututun.

Ko kun san wannan kariya bayan bututu kawai take tsarewa? Cikinsa wani yaƙin ne daban. Ruwan da ke biyo ɗanyen mai yakan kwanta a ƙasan bututu ya ci shi daga ciki, kamar yadda ya faru a Prudhoe Bay ta jihar Alaska a watan Maris na 2006, inda kimanin ganga 5,000 suka malale a kan ƙanƙara. Wannan sai da magungunan da ake zubawa cikin man, da wata na'ura da ake turawa ta bi cikin bututun tana kankara tana auna kaurinsa. Bututun da aka daina tura wa mai kuwa, irin rassan arewa da suka yi shekaru ba sa aiki yadda aka tsara, bai huta ba. Ta ciki da ta waje ake cin sa, idan ba a ci gaba da kula da shi ba.

Shin ko kun san abin da ɓular bututu ke jawowa idan ta yi shiru? A birnin Qingdao na ƙasar Sin, ranar 22 ga Nuwamban 2013, man da ya tsiyaya daga bututun da tsatsa ta cinye ya shiga magudanar ruwa ya fashe, mutum 62 suka rasu. A nan gida, rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a watan Agustan 2011, ya samu mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututu, kuma sinadarin benzin mai jawo sankara a rijiyoyin da mutane ke sha ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sau 900. Wani bincike na ƙungiyar injiniyoyin tsatsa ta NACE a 2016 ya ƙiyasta asarar da tsatsa ke jawo wa duniya a kan dala tiriliyan 2.5 a shekara, kimanin kashi 3.4 cikin 100 na duk abin da duniya ke samarwa.

Wani zai ce, to mu da ba mu da bututun mai, ina ruwanmu? Ko kun san a ƙarƙashin kowane gidan mai da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu akwai tankunan da aka binne, akasarinsu na ƙarfe? Ƙa'idar da ke cin bututun Agadem ita ce ke cin su. Bambancin kawai, su a tsakiyar gari suke, kuma a kwarin Rima ruwa ba shi da nisa. Manomin fadama mita kaɗan yake bugawa ya same shi. Tankin da ya yi ɗan huji ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Mai gidan man zai ga lissafin lita yana ɗan gaza masa, ya zargi yaran da ke sayarwa, alhali man yana gangarawa rijiyar maƙwabta. A Amurka tun 1988 aka wajabta wa sabbin tankunan ƙasa kariya daga tsatsa, aka ba tsofaffin wa'adi zuwa Disambar 1998. Dokar bututan gas ɗinsu kuma ta ce a duba na'urar tura wuta sau shida a shekara, a auna bututun kansa duk shekara. Mai gidan man da ya riga ya ɗora sola a rufinsa domin famfunan sayarwa, abin da zai ƙara domin tankunansa bai taka kara ya karya ba, in aka kwatanta da kuɗin tone tanki da biyan diyyar rijiyoyin unguwa.

Haka manyan bututan ƙarfe masu ɗauko ruwa daga matatar Dukku zuwa cikin Birnin Kebbi, da bututan ƙarfe na rijiyoyin burtsatse masu zurfi, da tankunan kamfanonin sarrafa shinkafa. Na roba ba ruwansu da wannan magana, roba ba ta tsatsa. Bututun ƙarfe mai haɗin roba a gaɓoɓinsa kuwa sai an ɗinke kowace gaɓa da waya kafin wuta ta ratsa shi.

Shin ko kun san kayan koyon wannan sana'a ba su fi ƙarfin ɗakin gwajin kowace makaranta ba? Ma'aunin bolt irin na masu gyaran rediyo, da kwalbar nan mai sandar jan ƙarfe, da waya, da littafin rubuta awo. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko na Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, ko na jami'ar jiha da ke Aliero, zai iya binne guntayen rodi a tudun Gwadangaji da lakar gefen Matan Fada, wasu da faranti ɗan ƙarami, wasu haka nan, ya tono su bayan damina ya ɗora a sikeli. Ina fata malaman waɗannan makarantu su ba da irin wannan aikin, domin taswirar yadda ƙasar kwarin Rima ke cin ƙarfe abu ne da duk mai shimfiɗa bututu a nan zai nema. Ga kuma bututun iskar gas da ake shirin ratsa Sahara da shi, mai kilomita sama da 4,000 daga Najeriya ta Nijar zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka sa wa hannu a Abuja a 2009 suka sabunta a 2022. Mafi yawan hanyarsa babu turken lantarki ko ɗaya, kuma kowace tashar kariya da za a kafa a kansa sai ta samu mai zuwa ya share faranti, ya duba batir, ya rubuta awo.